Kuɗin turare daga Ingila: banki ya riƙe min asusu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina sayar da turaren wuta da humra ta Instagram da WhatsApp daga gida. Masu saye sun kai har Ingila da Maraɗi. Ta Ingilar takan ba wani ɗan canji fam, shi kuma ya sa a turo min naira, kullum da sunan mutum daban. Watan jiya banki ya riƙe min asusu, wai sai na zo na yi bayani. Ga shi ana ta tsorata mu da sabuwar dokar haraji. Shin duk kuɗin da ya shigo min daga waje sai na biya masa haraji? Daga Maman Sadik, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Haraji kika fi tsoro, amma ni ɗan canjin nan ne ya fi tayar min da hankali. Lokacin ina aiki a wani banki a nan Kaduna, wata tela ta zo tebur ɗina da goyo a bayanta, tana share hawaye da bakin mayafi. Kuɗin ɗinkin biki aka turo mata ta irin wannan hanya, ashe asusun da ya turo yana cikin binciken damfara. Ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, amma sai da ta yi makonni tana zarya. Banki ba ya ganin turarenki, sunaye barkatai kawai yake gani suna zuba kuɗi a asusun da kike sayen kati da biyan kuɗin makarantar Sadik.

Don haka ki raba gari. Ki yi wa kasuwancin rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ki buɗe masa asusunsa daban, mai saye kuma ta turo da sunanta ta kamfanin aika kuɗi mai lasisi. Sai dai ki sani, tun Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci waɗannan kamfanoni su riƙa biyan mutane da naira. In fam ko dala kike so a hannu, sai asusun kuɗin waje, a turo daga banki zuwa banki. A ciniki na fam 40 ban ba ki wannan shawara ba, bankunan da ke tsakani za su yi ta gutsura har a ce kuɗin guzuri ya fi na tafiya.

Na Maraɗi da sauƙi: in ta canza sefarta, ta aiko miki hoton rasit, ki haɗa da odarta ki ajiye.

Sai haraji. Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ba ta ce a yanki kowane alat ba. Riba ake wa haraji, bayan kin cire kuɗin itacen turare, kwalabe, data da kuɗin aikawa. Naira 800,000 na farko a shekara babu ko kwabo a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Tun da a Najeriya kike zaune, ribar Ingila ma tana cikin lissafi. Kuma muddin ba kamfani kika kafa ba, da hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, za ki yi hulɗa, ki miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen Maris. Wanda bai rubuta abin da ya kashe ba, da me zai yi gardama in an yi masa ƙiyasi? Littafi mai ganye 60 ya isa, ko da ya ji man humra.

Ranar Litinin ki je reshen da wuri, kafin layi ya yi tsawo. Ki riƙe katin NIN, hirarku ta WhatsApp da mai sayen, da rasit ɗin kamfanin da ya kai kayan. Ki nemi a haɗa ki da jami'in da ke kula da asusunki, kuma in an tambaye ki ɗan canjin, ki faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan.