Amsa ga mai tambaya kan makullin ƙofar Corolla

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ƙofar direba ta Corolla ɗinka ƙirar 2006 ba ta kamawa sai ka maka ta da ƙarfi, wani lokacin ma ta dawo maka, kana tambaya ko za ka iya canza makullin a gida. Za ka iya. Irin motar nake hawa, kuma sau biyu na yi aikin nan da hannuna.

Kafin ka kashe kuɗi, fesa WD-40, man feshin nan na sakin tsatsa, a bakin makullin ka yi ta jan hannun ƙofar, don ƙurar hunturu kan haɗu da tsohon giris ta daskare a ciki. Ka kuma duba ƙarfen nan na jikin mota da makullin ke cafka, ko notinsa ya saki. In duk ba su ba ne, to makullin ya ci.

Ni na Beljiyam nake saya a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, ya fi kwanta mini a rai. Ka tafi da tsohon a hannu. Na hagu daban, na dama daban, kuma ka gwada bakin soket ɗin su zo ɗaya.

Ka ɗaga gilashi har sama, sannan ka cire kan batir. Murfin ƙofar na ciki notuna kaɗan ne ke riƙe da shi, wajen hannun buɗewa da wajen ɗora hannu, sauran ƙananan robobi ne. Ɓamɓare shi a hankali daga ƙasa. Ledar da za ka tarar manne da baƙin gam kada ka yaga ta, ita ke hana ruwan damina jiƙa murfin. Daga nan, don Allah ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai: sandar da ta sauko daga hannun waje, da wayoyin ƙarfe biyu masu zuwa hannun ciki. Makullin kansa notuna 3 ne a gefen ƙofa, masu kan tauraro mai tsini shida, lamba T30. Sayi abin kwance su. Sun ɗauru sosai, in ka sa sukudireban gida ya cinye kansu, aikin ya koma na mai walda. In ƙarfen da gilashi ke bi ya tare maka hanya, sifana lamba 10 za ta kwance shi.

Ga inda na sha wuya a karon farko, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Na ɗaura sabo, na mayar da murfi, na rufe ƙofa. Ashe robar da ke riƙe sandar hannun waje ba ta kama ba, wayar ciki ma ba ta zauna a gurbinta ba. Ƙofa ta ƙi buɗuwa ta ko'ina, murfin kuma ba ya cirowa da kyau ƙofa na rufe. Daga la'asar har bayan isha'i ina kwance kan kujera da fitilar waya, sai da na fasa gefen murfin.

Saboda haka kada ka rufe ƙofar nan sai ka gwada. Tana buɗe, tura sandar sukudireba cikin bakin makullin kamar ƙarfen mota ne, za ka ji ƙas, ƙas, sau biyu. Ja hannun waje, ya saki. Sake turawa, ja na ciki. Mayar da batir ka gwada rimot da ɗan mukulli. Sai duk sun amsa za ka rufe, murfin kuma shi ne na ƙarshe.

Ka ware masa safiyar Asabar guda. Kafin nan, tunda ka ce tana dawowa, ka daina hawa babban titi da ita.