Wutar cek injin ta sake dawowa? Dakata kafin ka sayi bawul ɗin EGR na uku

Wani mai Honda Accord 2001 mai silinda 6 ya rubuto: "Malam wutar cek injin ta kama, aka saka kwamfuta ta nuna P0401, makaniki ya ce bawul ɗin EGR ne. Na canza aka goge, bayan kwana 4 ta dawo. Na sake sayen wani, ta kuma dawowa. Yanzu ya ce wai birenbos (kwamfutar motar) ne. In saya?"

Ɗan'uwa riƙe kuɗinka, kar ka saya. Lambar matsala P0401 ba ta ce bawul ya mutu ba, cewa ta yi hayaƙin da ya kamata ya koma cikin inji bai kai yadda ake so ba. Aikin EGR ke nan dama, ya ɗebi ɗan hayaƙi daga hanyar salansa ya mayar da shi manifol, wato hanyar da iska ke bi ta shiga inji, ya gauraya da iska, don zafin ƙunar mai ya ragu, saboda in zafin ya yi yawa ne ake samun iskar nan mai guba da ake kira NOx. To hayaƙi kuwa ba ya tafiya sai da kunkunniya, shekara da shekaru tana taruwa a ƙananan ramukan da yake bi har ta toshe su. Accord ta waɗannan shekarun ta yi suna da wannan toshewar a cikin manifol. Ka ga kenan ko bawul 10 ka ɗaura, ƙofa ce kake ta canzawa alhali zauren ne a toshe.

Gwajin ma ba wuya. Inji ya yi zafi yana silo, a buɗe bawul ɗin da kwamfuta (a tsofaffin motoci masu tiyon iska kuma da ɗan famfon zuƙo). In hanya a buɗe take inji zai yi tangal-tangal ko ya mutu. In ko gezau bai yi ba alhali bawul ya motsa, to hanya ce a toshe, a kwance a kankare a wanke a sa sabon gaskit.

Maganar "aka goge" ɗin nan kuwa ita ce ke ƙona min rai wallahi. Goge lamba ba gyara ba ne, kamar a ce mai zazzaɓi ya fasa ma'aunin zafi ya ce ya warke. Kwamfutar mota ba kullum take gwada EGR ba, sai inji ya yi zafi kuma an yi irin tafiyar da take buƙata, sannan sai ta ga matsalar a tafiya 2 a jere kafin ta kunna wuta, shi ya sa za ka bar gareji kana murna, kwana 3 ko 4 sai ga ta. Kuma idan aka goge, bayanin da motar ta ajiye na lokacin da abin ya faru, gudun inji da zafinsa da nauyin da yake ja, duk ya tafi, wato an share shaida kafin a yi shari'a. Ku riƙa ɗaukar hoton lambar da wayarku kafin kowa ya danna komai. In gyaran gaske aka yi ma, wutar da kanta take mutuwa bayan tafiya 3 lafiya lau a jere.

Sai kuma in tambaye ka, ina tsohon bawul ɗinka na asali? Na san amsar, an jefar ko an bar wa yaran gareji. Abin takaicin ke nan, mutum zai cire na kamfani wanda wanki kawai yake so, ya ɗaura jabu mai kwali mai ƙyalli, sensar cikinsa tana ba kwamfuta labarin ƙarya, sai ga sabuwar lamba irin P0404 ta fito wadda da babu ita, daga nan a ce waya ce, a kira rewaya ya yayyanka, a ce birenbos, kuɗi na ta zurarewa kamar ruwa a kwando kuma cutar farko tana nan daram. Duk kayan da ba lambar kaya a jikinsa, ko rubutun yana gogewa da yatsa, ko arharsa ta wuce hankali, a bar shi. Masu Ford su duba sensar DPFE mai auna hayaƙin da ke bi ta EGR da tiyoyinta 2, masu tsofaffin Toyota su duba VSV, ɗan bawul ɗin lantarki mai sarrafa zuƙon EGR, da tiyoyin iska, sau tari nan ɓarnar take ba a bawul ba.

Wata baiwar Allah ta ce: "Motata tana jijjiga in na tsaya a danja, sau 2 ta mutu min da yara a ciki, an ce P0402. Tsoro nake kar injin ya buga."

Kwantar da hankalinki ƙanwata, wannan ba alamar inji zai buga ba ce. Taki kishiyar ta sama ce, hayaƙin ne ya yi yawa. Bawul ɗin ya kamata ya kasance a rufe ruf lokacin da mota ke silo, to wani lokaci ɗan guntun kunkunniya ke maƙalewa a bakinsa ya hana shi rufuwa, sai inji ya shaƙe. Sau da yawa wanki ke magance shi, amma ki ce kar a fesa maganin wankin a ɓangaren lantarkinsa. Ki kai a duba cikin kwanakin nan saboda mutuwar mota a tsakiyar titi ita ce hatsarin. Abu ɗaya ki riƙe: in wutar a tsaye take, ki lallaɓa zuwa gareji. In kuwa ta fara ƙyaftawa, wannan wani zance ne daban, silinda ce ba ta ƙona mai daidai, ki samu wuri ki tsaya.

Wani kuma wai: "In toshe EGR ɗin da ƙarfe in cire ƙwan wutar ba shi ke nan ba?"

Haba malam. Ka toshe shi P0401 ta zauna maka dindindin, injin fetur ya iya fara ƙwanƙwasa in kana hawan tudu, ga hayaƙin da kake ƙara wa mutane, ga shi ƙasashe da yawa sun haramta. Ranar da wata babbar matsala ta taso kuma wace wuta ce za ta faɗa maka? Mu wuce.

Mai motar dizal ya ce ruwan lagireto yana raguwa, ba ya ganin yoyo a ƙasa, ga farin hayaƙi ga lambar EGR, makaniki na so ya buɗe kan inji.

Kar a taɓa kan inji tukuna. A fara gwada abin sanyaya hayaƙin EGR, ruwan lagireto ne ke bi ta cikinsa, in ya tsage ruwan na shiga manifol ya fita ta salansa. Kuma wannan ba abin jinkiri ba ne, a 2018 BMW ta janye motocin dizal kusan miliyan 1.6 a duniya saboda wannan yoyon, don ruwan in ya haɗu da kunkunniya yana iya haddasa gobara. In an gwada shi lafiya, sannan a yi maganar gaskit ɗin kai.

Na ƙarshe yana tambaya ko ya sayi ƙaramar na'urar karanta lamba mai haɗuwa da waya. Saya, in dai motarka mai OBD2 ce, wato tsarin soket ɗin karanta lamba wanda aka wajabta a Amurka tun 1996. Amma ka sani masu sunan ELM327 ɗin nan yawancinsu kwaikwayo ne, wasu ba sa jituwa da kowace mota, ka gwada a taka kafin ka biya, kuma ka cire ta daga soket in ka gama don wasu na shan batir.