Yaya, ga labarin waƙar da ka ji a motata

Yaya, barka da war haka. Ka ce rannan da muke waya ka jiyo wani Bature yana rera waƙa kamar mai mura, har kana tambaya ko mun yar da Shata ne mun koma kiɗan kaboyi. Ba mu yar ba, yana nan cikin wayata. Amma bari in faɗa maka yadda abin yake.

A Amurka direban tirela ba shi da yaron mota. Kai da ka yi shekaru a hanyar Legas, in ka tsaya Tafa ko Mararrabar Jos mai shayi ya san ka, yaronka na sa wa taya weji, hira ba ta yankewa. Nan kuwa daga kai sai sitiyari. Doka ta ba ka awa 11 na tuƙi, sannan hutun awa 10 dole, kuma tun ƙarshen 2017 na'ura ce ke lissafin, ba ta san alfarma ba. In ka hau titin I-80 ka shiga Nebraska, gonar masara za ka yi ta gani har idonka ya gaji. To a irin wannan wurin ne waƙar country ke shiga kunne, ko ba ka gayyace ta ba.

Kiɗan mutanen karkara ne, cibiyarsa birnin Nashville, kuma akwai reshe guda a cikinsa da direbobi kawai ake yi wa. Mawaƙanmu kan kama sunan direba su wasa shi, ko su zana wahalar sana'ar kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota. Su waɗannan labari suke bayarwa daga farko har ƙarshe, kamar tatsuniya. Wadda ta buɗe ƙofa sosai ita ce Six Days on the Road ta Dave Dudley a 1963: direba ya kwana shida a hanya, yana zille wa masu awon nauyi, yana haɗiyar ƙwayar hana barci, ɗokin gida ya ishe shi. Ka ga ashe ba a kanmu aka fara ba.

Wadda ka ji kuwa Teddy Bear ce ta Red Sovine, ta 1976, kuma magana ce yake yi a kan kiɗa. Wani yaro ne gurgu, mahaifinsa direba ya rasu a hatsari, sai ya ɗauki rediyon oba-oba na uban yana kiran direbobin da ke wucewa don ya rage kewa. Wanda ya amsa masa ya juya mota ya nufi gidan, ya tarar tireloli sun yi layi, kowa na jiran ya ɗauki yaron ya zaga da shi. Ranar da na fara fahimtar kalmominta ina Wyoming, ƙanƙara ta sa an rufe hanya, ina zaune da robar tuwon da uwargida ta daskarar min. Wallahi sai da na ajiye cokali. Baba na tuna, da ranar da abokan aikinsa suka cika ƙofar gida.

Oba-obar nan, CB suke ce mata, ta yi tashe bayan an ƙayyade gudu zuwa mil 55 a awa a 1974. Da ita direbobi ke tsegunta wa juna inda ɗan sanda ya laɓe, abin da waƙar Convoy ta 1975 ta ɗauka ke nan. Yanzu in ka kunna tasha ta 19 shiru ya fi yawa, sai zage-zage jefi-jefi. Mu tamu oba-obar WhatsApp ce: mutum biyar ko shida, 'yan Nijar da 'yan zangon Gana da mu, a layi ɗaya har tsakar dare, wani a Texas wani a Ohio.

Ba kowa ke jin waƙar ba fa. Akwai dattijonmu da ba ya yarda da kiɗa sam, tafsiri ne abokin tafiyarsa, in ya jiyo jita a bayan muryarka sai ya yi gyaran murya ka rage. Ni dai da asuba karatu, bayan na shimfiɗa darduma a gefen taya na yi salla, da hantsi labaran gida, sai dare ya yi nisa in nemi su Sovine.

A gaida Inna. Ina da lodin Denver gobe da sassafe, in na sauke zan kira.