Amsa ga maman yaron da ke ci ba ya ƙiba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da na karanta tambayarki bayan Isha'i barci ya ƙaurace min. Kin ce ɗanki shekararsa huɗu, ci kamar gara amma ba kumatu ba mazaunai, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, ciki ya yi tulu, wuya ya yi baƙi kina dirzawa ba ya fita, kina neman abin da za ki ba shi ya yi ƙiba. Wallahi kamar 'yar farina kika zana.

Kafin komai, don girman Allah kar ki kusanci sha-ka-fashe ɗin nan na kemis da na ga wasu sun ba ki shawara. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suga suke tayarwa, yaro irin wannan kuwa dama a bakin ciwon suga yake.

Mu a nan Gombe muke, wajen Pantami. Tun ranar wanka unguwarzoma ta ce ba ta taɓa ganin jaririya da ƙwanji irin na 'yan dambe ba. Uwar mijina, wadda goggona ce kuma, ta ce nonona ne ba kyau. Na sha jiƙe-jiƙe har na gode Allah. Da aka yaye ta sai zance ya koma wai horon yunwa nake mata. Ranar sunan ƙanwar mijina, tsakar gida cike da mata, Goggo ta ɗaga rigar yarinyar nan sama ta ce, "Ku duba min yadda ake kashe jikata a tsaye." Ba wadda ta ce mata ta bari. Ina riƙe da kwanon waina, na rasa inda zan ajiye shi. Daga nan raɗe-raɗin ƙanjamau ya fara, har wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shan ruwa a randarmu. Sau uku ana gwada mu, ni da ita, ba komai. Har gobe ba wanda ya zo ya ce min yi haƙuri.

Tana shekara shida Goggo ta ɗauke ta da ƙarfin tsiya, wai za ta nuna min yadda ake kiwon ɗa. Man shanu a tuwo safe da dare, kindirmo, ga madarar tamowa ta gyaɗa da ta sayo a kasuwa. Sati uku aka kira ni da tsakar dare. Na tarar da ita a dunƙule kan tabarma tana amai, ko kukan ba ya fita. A asibiti da nas ta ja jini, abin da ya shiga sirinjin nan ba ja ba ne, kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo. Ta kalle ni, ta fita da sauri ta kira likita. Kitse ne ya cika jinin har pankiriyas ɗinta, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya kumbura.

A asibitin koyarwa na tarayya muka fara jin sunan abin: lipodistirofi. Likitan ya ce jikin kowa yana da rumbun ajiye kitse a ƙarƙashin fata, ita ba ta da shi. Duk maiƙon da ta ci sai ya tafi hanta da jini, shi ya sa cikin ya yi girma. Baƙin wuyan ma ba dauɗa ba ne, alama ce jiki ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Ni kuwa na yi ta gurzar wuyan nan da soso da sabulun salo har ya ɗaye.

Abin da ya fi ci min rai maganar yunwa. Ashe kitsen jiki ne ke fitar da wani sinadari, leptin, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ba kitse, ba leptin, ba ƙoshi. Sau nawa na dake ta don na kama ta da hannu a tukunya da asuba, ina ce mata mayya. Allah Ya yafe min. Kar ki daki ɗanki a kan abinci.

Irin nata na haihuwa ne, ana ce masa Berardinelli-Seip, sunan likitoci biyu da suka bayyana shi, ɗaya a Barazil a 1954, ɗayan a Norway a 1959. Gado ne irin na sikila, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kowane ciki kuma akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci yana ƙara kawo shi. To wa ya haɗa aurenmu? Goggo. Mijina ya roƙe ni kar na faɗa mata, na yi shiru, amma abin yana nan a wuyana kamar ƙashin kifi.

Ni ba likita ba ce, ban ce lallai shi ne da ɗanki ba. Amma ki lura, ɗan tamowa yaushi yake yi, tsoka ta zube. Tawa ƙarfi gare ta, ta fi sa'o'inta tsawo. Ki kai shi wajen likitan yara a babban asibiti, in kina Bauchi ga na koyarwa nan. Ki rubuta sunan ciwon a takarda ki miƙa, don wani likitan zai gama aikinsa bai taɓa ganin mai shi ba. Ki nemi gwajin kitsen jini da na suga da hoton hanta, a je da safe bai karya ba.

Akwai allurar leptin mai suna Myalept da Amurka ta amince da ita a 2014, amma kuɗinta ba na irinmu ba ne. Mu abinci muka riƙe. Na rage mai sosai, ƙosai da awara soyayya sai dai ta gani a hannun wasu, lemon kwalba an yi sallama. Wake, zogale, dafaffen kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Yanzu shekararta 13, tana shan maganin suga, kuma ita ce ke zuwa ta ɗaya a islamiyyarsu, duk da yaran da ke ce mata namiji.

Duk 31 ga Maris ake ranar ciwon nan ta duniya, ni dai nakan sa hoton hannunta a WhatsApp, ba fuska. In dangin mijinki suka ce a ba su shi su yi kiwo, kar ki yarda ko da za a kai ki gaban mai unguwa. Idan sakamakon ya fito ki min magana ta gefe, ina da tsohuwar takardarmu sai mu gwada.