Tambaya da Amsa: Wane kundin obital ya dace da ƙananan molikul?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na lissafa siffar molikul ɗin ruwa da hanyar Hartree-Fock da kundin 6-31G, sai kusurwar H-O-H ta fito kusan digiri 112, alhali a littafi 104.5 ne. Ko manhajar ce ta lalace? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Manhajarki lafiya lau take, kundin ne ya gaza. Kwamfuta tana gina obital ɗin molikul, wato yankin da elektiron ke zama, da tubalan lissafi da ake ɗora wa kowane atam, akasarinsu irin na Gauss, waɗanda Boys ya shigo da su a 1950 don sun fi sauƙin lissafi. Jerin waɗannan tubalan shi ake kira kundi. Siffar da babu tubalinta a kundi ba za ta taɓa fitowa a sakamako ba. Kundin 6-31G ya ba ruwa tubali 13 kacal, nau'in s da p, saboda haka gajimaren elektiron na oksijin ba shi da halin karkata zuwa wajen haɗinsa da haidirojin, sai kusurwar ta buɗe. Ki koma 6-31G*. Tauraron nan yana ƙara wa oksijin tubalan d guda shida, jimilla 19, kusurwar kuma ta sauko kusan 105.5. Haka amoniya take yi: in babu d, sai dalarta ta baje fiye da yadda take.

Shawarata, kada ki kai rahoton siffar molikul da kundin da ba shi da tubalan karkata, wato irin tubalan d ɗin nan. In da hanyar DFT kike lissafi, wato wadda ke aiki da yawan elektiron a kowane wuri, ki fara daidaita siffa da def2-SVP, ki kammala da def2-TZVP na Weigend da Ahlrichs, wanda ya fito a 2005. In kuwa MP2 ne ko CCSD(T), wato hanyoyin da ke ƙara gyara a kan Hartree-Fock, jerin da Dunning ya fitar a 1989 ya fi dacewa: a ruwa cc-pVDZ tubali 24 ne, cc-pVTZ 58, cc-pVQZ 115. An tsara su hawa-hawa, har ana ɗaukar sakamakon biyun ƙarshe a kirdado inda amsar za ta tsaya. Sai dai kowane hawa da tsadarsa: daga 24 zuwa 58, aikin Hartree-Fock zai iya ninkuwa fiye da sau 30.

Tambaya: Malam, ayon ɗin fuloraid da haidiroksaid suna ba ni makamashi marar kan gado, ko da cc-pVTZ. Daga wani malamin kwaleji a Maraɗi.

Amsa: Malam, elektiron ɗin da ya ƙaru a ayon yana zama nesa da cibiyar atam, tubalan cc-pVTZ kuwa a takure suke. Ana bukatar tubali masu yaɗuwa: aug-cc-pVTZ, ko def2-TZVPD, ko alamar + a kundin Pople, wato irin su 6-31G. Amma a kula, in sun yi yawa suna kusan maimaita juna, lissafin ya ƙi daidaituwa ko manhaja ta zubar da wasu. A duba gargaɗin da ke cikin fayil ɗin sakamako.

Tambaya: Na haɗa molikul biyu na ruwa, riƙonsu ya fito da ƙarfi fiye da kima. Me ya jawo?

Amsa: Aron tubali ne. In kundi ƙarami ne, kowane molikul yakan ari tubalan maƙwabcinsa ya gyara kansa, sai haɗin ya zama kamar ya fi ƙarfi. Ainihin riƙon kusan kilokalori 5 ne a kowane mol. Maganin shi ne gyaran Boys da Bernardi na 1970: a lissafa kowane molikul shi kaɗai, amma a bar tubalan ɗayan a gurbinsu ba cibiya ba elektiron, sannan a cire bambancin. Da aug-cc-pVTZ kuskuren yana raguwa sosai.

Tambaya: Manhajojin Gaussian da ORCA sun ba ni makamashi daban da 6-31G* iri ɗaya.

Amsa: Gaussian yana amfani da tubalan d shida a wannan kundi, ORCA kuwa biyar. Ka sa 5D a layin umarnin Gaussian, sannan ka sake kwatantawa.