Tambayi Injiniya: Gidaje da shaguna a fili guda

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ce ta samu fili a bakin titi, muna so mu yanka fulotai a yi gidaje da shaguna da ɗakin shan magani. Wani ɗanmu da ke Abuja ya turo mana zanen rukunin gidaje irin na can. Mu bi shi ne ko yaya? Daga mai karatu a jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Zanen Abuja kam ku ɗan ajiye shi tukuna. An yi shi ne don ma'aikaci mai mota da zai fita da safe sai yamma, ku kuwa a gidan da ake kwana nan ake soya ƙuli-ƙuli a ɗaure awaki a shanya gero, ga rumbu ga baƙi ranar suna, to ina za a zuba duk wannan a falo da ɗaki biyu? Zaure ma babu a zanen na san, kenan duk wanda ya yi sallama sai ya ga tsakar gida.

A Masar an taɓa yin irin haka. Hassan Fathy, gwanin zanen gine-gine ne fa ba wasa ba, ya zana sabon ƙauyen Gourna kusa da Luxor a shekarun 1940 har da masallaci da kasuwa, amma mutanen da yawa suka ƙi tashi saboda hanyar neman abincinsu tana tsohon wurin. Ku duba Dandaji kuma a jihar Tahoua ta Nijar, inda mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta zana musu kasuwa aka gama a 2018. A gindin tsohuwar bishiyar da dama ake cin kasuwa ta yi ta, da bulon ƙasa da aka matse da inji, ba ta kai su wani sabon wuri ba.

Don haka ku fara zama da masu tireda da mata masu sana'a a gida kafin a buga turke ko ɗaya. Shaguna su kalli titi, gidaje a baya, ƙofar gida daban da ta shago. Mai injin niƙa da mai walda a kai su can ƙarshe, in ba haka ba wallahi ba mai barcin rana, kuma kar su kusanci ɗakin shan magani. Lungu ya isa amalanken shanu ta wuce da kaya, mota ta shiga ɗauko mai naƙuda.

Ruwa shi ne abin da ya fi cin mutane, musamman ku na wajen kogin Haɗeja. Ku je filin a watan Agusta bayan an tafka ruwa ku ga inda yake kwanciya, wurin nan kar a sayar wa kowa, a bar shi fili da bishiyoyi. Masai kuma ya yi nesa da rijiya ko burtsatse aƙalla mita 30.

Sai takarda. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar filin karkara, sa hannun dagaci kaɗai bai wadatar ba. In titin na gwamnatin tarayya ne ku ja baya kamar mita 45 daga tsakiyarsa, ku kira safiyo ya auna kafin ku karɓi kuɗin kowa.