Mai gidan piya wata na son ya riƙa kai wa kamfanonin magani ruwa

Wani Alhaji daga Kubwa ya aiko min da tambaya, yace shekararsa 6 da buɗe gidan piya wata, yana da bohol da injin RO mai tace gishiri da datti daga ruwa da lambar NAFDAC, ya tara wajen miliyan 20, sai abokinsa yace masa kamfanonin haɗa magani suna sayen tataccen ruwa da tsada. Shin ya ƙaro inji ya sayi tanka ya riƙa kai musu?

Alhaji ranka ya daɗe, don Allah kar ka sayi tankar nan. Ba wai ruwanka ba shi da kyau bane, a'a, abin shine inda aikinka ya ƙare daga nan nasu yake farawa. Ruwan da ya isa a sha shi suke zubawa a bakin injinsu, sai ya bi ta yashi da gawayi da injin gishiri mai rage masa kauri, ya shiga RO, a sake cire ɗan gishirin da ya rage, sannan a kira shi ruwan haɗa magani. Ana auna yadda yake ɗaukar lantarki, a zafin digiri 25 kada awon ya wuce 1.3, kai je ka tsoma mita a ledarka yau za ka ga ta ninka haka sau da yawa. Wannan fa na sirop ne da wankin kayan aiki. Na allura da ƙarin ruwa ya fi tsanani, ƙwayar cuta kada ta wuce 10 a mililita 100, kuma akwai wata guba da ƙwayoyin ke bari ko bayan sun mutu, tafasawa ba ta kawar da ita, in ta shiga jijiyar mara lafiya sai zazzaɓi da rawar ɗari.

To amma ko ka iya yin ruwan, ɗaukarsa ne matsalar, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba sosai. Ruwan da aka cire wa kulorin ba shi da mai gadi, da ya kwanta waje ɗaya ƙwayoyin cuta za su fara yin yauƙi a jikin tanki da bututu, yauƙin da ba a gani da ido kuma wuyar fita gare shi. Shi yasa a masana'anta ba sa barinsa ya tsaya, dare da rana yana zagaye cikin bututun ƙarfe mara tsatsa samfurin 316L, na allura ma da zafinsa ake ajiye shi sama da digiri 70. Yanzu ka ƙaddara tankarka ta taso daga Kubwa za ta Idu, unguwar masana'antu, cikin ranar watan Maris ta maƙale a goslo awa biyu, wane ruwa za ka sauke musu? Kuma jami'an NAFDAC in sun je duba masana'anta sashen ruwa na cikin abin da suka fi tonawa, sabon injin ruwa gwajinsa mataki uku ne, na ukun shekara guda cur ake yi ana ɗibar samfur ana rubutawa. Wanda ya sha wannan wahalar ba zai ɗora lasisinsa a hannun direbanka ba. Kusan kowane kamfani da kansa yake tace nasa a cikin gida.

In kuma tunaninka ka buɗe taka masana'antar ƙarin ruwa, wannan sai da rajistar PCN, hukumar kula da harkar famasi, da ƙwararren famasis mai kula da wajen da ɗakin gwaji da wuta awa 24, kai ka san abin da ƴan Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, suka gani a Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wuta naira 225 kowane yunit, balle dizal. Miliyan 20 ba ta kama hanya ba.

Abin da ni nake hango maka ya fi kusa da hannunka. Ruwan batir. Gidaje da shaguna nawa ne a Abuja suka koma sola da inbata, batiran nan dogaye duk bayan ƴan watanni sai an ƙara musu ruwa mara gishiri, mutane kuma na zuba na leda suna kashe batirin dubban ɗaruruwa. Ga ɗakunan gwajin jini, ga asibitoci masu tukunyar gasa kayan tiyata, ga mata masu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, duk irin ruwan suke nema. Abin da za ka ƙara bayan RO ɗinka tankin resin ne, wato ƴan ƙwayoyin roba masu tsotse sauran gishiri, da mita mai kyau da layin cika jarka daban, kar ka haɗa shi da layin leda. Resin da dala ake shigo da shi kuma yana gajiya, dole ka sa kuɗin canza shi cikin farashin kowace jarka, nan ne da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. Kuma ko da wasa kar a rubuta ko a faɗa wa wani kemis cewa ana iya haɗa allura da shi, rai ne.

In har ranka na kan kamfanonin maganin ne, shiga ta ƙofar kayan aiki, gishirin inji da filta da gawayi da membren na RO lokaci-lokaci sai sun saya, kai kuma ka riga ka san dilolinsu.

Kafin ka fitar da ko sisi, kai ruwan bohol ɗinka a yi masa cikakken gwaji na rani da na damina, ka leƙa ofishin NAFDAC da ke Wuse Zone 7 ka ji wace takarda sabon layin yake buƙata, sannan ka zagaya wajen masu sayar da batir da ɗakunan gwaji kamar 15 ka ji jarka nawa suke sha a wata da farashin da suke saye yanzu. Ka turo min lissafin mu duba tare.